Waƙar da na tura ba tare da na saurara ba

Daren jiya na gama haɗa wata waƙa da na kusa sati uku ina fama da ita, murya ta zauna, ganga ta zauna, bas ɗin yana duka daidai yadda nake so. Na danna fitarwa, fayil ya sauka, ko sau ɗaya ban kunna ba na tura wa mai waƙar na je na kwanta. Da safe sai ga saƙonsa, wai malam ya aka yi ƙarshen waƙar kamar an sa almakashi an datse? Na buɗe na ji, wallahi haka ne. Kalmar ƙarshe da ya ja, amonta ya kamata ya bi iska a hankali har ya ɓace, amma sai ɗif, shiru kawai. Abin ya min ciwo sosai don wajen nan shi na fi so a duk waƙar.

Laifina ne, ban kula da wutsiyar sautin ba. In ka sa wa murya amsa-kuwwa to sautin ba ya tsayawa inda waƙar ta tsaya, yana ci gaba na wasu daƙiƙu, kuma manhajar haɗa kiɗa iya inda ka nuna mata za ta ɗauka. A FL Studio, manhajar da nake aiki da ita, akwai zaɓi uku kan wannan ragowar, ko a yanke shi, ko a bar shi ya ƙare da kansa, ko a naɗo shi zuwa farko, na ƙarshen nan na masu yin kiɗa mai maimaita kansa ne. Ni nawa yana kan yankewa. A wasu manhajojin irin su Ableton ko Cubase kuwa kai ne kake shata farko da ƙarshe, don haka ka ƙara daƙiƙa uku ko huɗu a baya, ba abin da zai rage ka.

Sai maganar irin fayil, kuma nan ne nake ganin mutane suna cutar kansu. Ni kullum WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, nake fara fitarwa. MP3 yana da sauƙin turawa, minti ɗaya a 320 kbps bai wuce megabait 2.4 ba, shi kuwa WAV na 16-bit a 44.1 kHz (lambobin nan ma'aunin ingancin sauti ne) minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, amma fa ƙanƙantar nan ba a banza ta zo ba, zubar da wani ɓangare na sautin aka yi, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa ko ka sake mayar da fayil ɗin WAV. In wani ne zai maka mastarin, wato gyaran ƙarshe na sautin waƙa, ka ba shi WAV na 24-bit, ka cire abin matse ƙara daga babbar tashar fita, ka bar masa sarari ya yi aikinsa. In bidiyo za a ɗora wa waƙar to 48 kHz ake so. Ita kuma dita, ƴar hayaniyar nan da ake zubawa lokacin saukowa daga 24 zuwa 16-bit, sau ɗaya ake sa ta, a matakin ƙarshe.

Ƙarar sauti ma haka. Na san daɗin ganin mitar da ke nuna ƙarfin sauti tana taɓa sama, amma in ta shiga ja ta wuce 0 dB sautin fashewa yake. Spotify ma yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa, ka matse waƙarka ta zama kamar bulo su kuma su rage mata murya, ka ga an yi ba a yi ba. Ni ina tsayar da ƙololuwa a -1 dB.

Yau na sake fitar da ita, na rufe manhajar gaba ɗaya, na kunna fayil ɗin shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, da sifikun situdiyo, sannan da iyafis, sannan da sifikar waya. A zagaye na biyu ne ma na jiyo wani ɗan ƙas a farkon baiti na biyu inda na yanka numfashi ban lallaɓa bakin yankan ba, sati uku ban taɓa jinsa ba. Na gyara, na sake fitarwa, na tura masa WAV ɗin ta WhatsApp a matsayin dokumen don kar a matse shi a hanya.