Pilates: abin da zan faɗa wa duk mai shirin farawa

Duk wadda ta ji ina pilates, wato wani motsa jiki da ake yi a hankali yawanci a kwance kan shimfiɗa, tambayarta ɗaya ce, zai sauke min tumbi? To bari in fara da wannan tun kafin ki ɓata datarki. Pilates ba ya ƙona kitsen ciki shi kaɗai, kuma babu wani motsa jiki a duniyar nan da yake zaɓar waje ɗaya a jiki ya narkar da kitsensa ya bar sauran, duk mai ce miki kwana goma cikinki zai lafe kallo kawai take nema a shafinta. Kitse yana sauka ne daga abin da kike ci da yawan zirga-zirgarki, kuma jiki ne yake zaɓar inda zai fara ragewa ba ke ba. Abin da pilates yake yi daban ne, yana ƙarfafa tsokokin can ciki masu riƙe ƙashin baya da ƙugu, tsayuwarki ta miƙe, ki daina zama a ranƙwafe kan waya, kuma idan tsayuwa ta gyaru ciki kan ɗan koma ko da sikeli bai motsa ba. Ni dai wannan ya ishe ni.

Wanda ya ƙirƙiro abin ma namiji ne, ga masu cewa wasan mata ne. Joseph Pilates sunansa, Bajamushe, an haife shi a 1883. Yana Ingila yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ireland, a can tsare ɗin ya riƙa koya wa 'yan uwansa motsa jiki, ba jim ba kayan ƙarfe. Daga baya wajen 1926 ya tafi Amurka, shi da matarsa Clara suka buɗe waje a New York, kuma masu rawar bale, wata rawar Turawa da ake yi kan yatsun ƙafa, ne suka fi cika wajen saboda su ne kullum cikin targaɗe da ciwon gwiwa. A littafin da ya fitar a 1945 motsi 34 ya jera, duka a ƙasa ake yinsu kan shimfiɗa. Ya rasu a 1967. Wannan 34 ɗin nake so ki riƙe, domin Instagram ta sa mutane suna ganin sai da wancan gadon mai sifirin da igiyoyi da ake kira Reformer ake pilates. Gadon yana da daɗi ba musu, sifirin ɗin yana tallafa miki a wani motsin ya ƙara miki nauyi a wani, amma ajinsa akwai tsada kuma ba kowane gari ake samu ba. Shimfiɗa ta isa.

Shimfiɗar dai ta zama mai kauri. A pilates ana yawan kwanciya rigingine ana mirgina ƙashin baya, idan tayil ne ko siminti a ɗakinki kika shimfiɗa 'yar siririyar tabarma, ƙashin bayanki da na mazaunai za su gaya miki washegari. Ninka bargo biyu a kan kafet, shikenan. Katifa kuma a'a, tana lotsawa. Takalmi ba a buƙata, wando mai ɗan kama jiki da riga wadda ba za ta faɗo miki a fuska ba idan kin ɗaga ƙafa, ki kulle ƙofarki ki kunna fanka.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne yawancin masu farawa suke tsallakewa saboda ba ya kama da motsa jiki ko kaɗan. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗora hannuwa a gefen haƙarƙari. Ja numfashi ta hanci ki ji haƙarƙarin yana buɗewa gefe da gefe yana tura hannunki, ba kafaɗa ce za ta hau sama ba. Sai ki fitar ta baki a hankali, kina fitarwa kina jan ƙasan cibiya ciki kaɗan, kamar kin ƙara tamke ɗaurin zani ba wai kin shaƙe kanki ba. Akwai wata tsoka can ƙarƙashin sauran da ta zagaye ciki daga gaba har baya, ita kike tasa, tare da na ƙasan mara masu riƙe fitsari. Idan kin ga kin ɗauke numfashi fuska ta yi tsami, kin ja da yawa, sassauta. Wallahi wannan kaɗai sai ki yi sati kina koyo, kuma duk sauran motsin a kansa aka ɗora su.

Daga nan sai ki gwada ɗaga ƙafa ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, ki sauke, ki ɗaga ɗayar, sharaɗin shi ne ƙugu kar ya karkata, baya kar ya gantsare ya bar ƙasa. Kin ga da ido kamar wasa. Sa hannu a ƙasan bayanki ki ji yadda yake son tashi duk sanda ƙafa ta sauka. Sai gada, wato ki ɗaga mazaunai sama daga kwance, amma ba a fizge ba, ƙashin baya zai bar ƙasa gaɓa bayan gaɓa daga ƙugu zuwa kafaɗa, ya dawo haka. Biyar masu kyau sun fi ashirin na gaggawa, a pilates da ma ba a yawan maimaitawa, mafi yawan motsin tsakanin biyar zuwa goma ne a wuce na gaba.

Sanannen cikinsu shi ne wanda ake kira ɗari. Kina kwance, kai da kafaɗa a ɗage, ƙafafu a sama, hannuwa a miƙe gefe kina kaɗa su sama da ƙasa, kaɗawa biyar kina jan numfashi biyar kina fitarwa, sau goma. Kusan kowane bidiyo da shi yake buɗewa kuma a ganina shi ne yake korar mutane, domin mai farawa cikinta bai yi ƙarfin riƙe kai ba sai wuya ya karɓi aikin, ta tashi da ciwon wuya ta ce abin bai karɓe ta ba. Ki ajiye kanki a ƙasa, ƙafafu ma a ƙasa idan ya kama, ki yi talatin ki huta. Babu mai ba ki maki.

Maganar malamai kuma, a shekarar 2000 wata kotu a Amurka ta yanke cewa sunan pilates ba mallakin kowa ba ne, sunan nau'in motsa jiki ne kawai, to tun daga nan kowa zai iya rubuta shi a allon shagonsa ko a bidiyonsa, da wanda ya yi dogon horo da wanda ya kalli YouTube jiya. Yadda nake gane na kirki, zai tambaye ki ko kina da ciwo ko kin taɓa haihuwa kafin a fara, zai nuna mai sauƙin kowane motsi, kuma bakinsa ba ya rabuwa da maganar numfashi. Wanda yake ta ƙirga da sauri kiɗa na tashi, wani abin yake koyarwa. Idan da hali ki je aji ko sau 'yan kaɗan ne a farko wani ya kalle ki ya gyara miki, in babu ki jingina waya ki ɗauki kanki bidiyo, za ki sha mamakin yadda kafaɗarki take maƙale a kunne.

Masu jego, dan Allah ku tsaya nan. Goyon ciki yana raba tsokokin gaban ciki biyu su buɗe a tsakiya, ga wasu suna haɗewa da kansu ga wasu sai an bi a hankali. Idan kin ɗaga kai daga kwance kika ga tsakiyar cikin ya tsiro ya yi tudu a tsaye, ki bar duk motsin ɗaga kai da na ɗaga ƙafa biyu tukuna, ki tsaya kan numfashi da jan mara, ki nemi likitan fisiyo, wato na gashin ƙashi, ya duba. Wadda aka yi wa aiki kuwa ba ruwanta da lissafin arba'in ta cika, sai likita ya ce. Mai ciki ma haka, musamman da yake ba a son doguwar kwanciya rigingine idan ciki ya tsufa. Iyayenmu masu raunin ƙashi su guji motsin da ake naɗe baya gaba sosai. Ciwon baya na yau da gobe pilates yana taimaka masa, kamar yadda wasu motsa jikin ma suke taimakawa, amma ciwon da yake harbawa har ƙafa ko ya zo da mutuwar yatsu na asibiti ne.

Sau nawa a sati? Biyu ko uku, minti ashirin ma ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsin da yake sa zuciya bugawa, da kuma kwana biyu na ƙarfafa tsoka, pilates ɗinki a kaso na biyun ya fi zama, saboda haka tafiyar ƙafa da sauri tana nan a kanki, ita ce ma za ta taimaka wa tumbin da muka fara da shi. Kar ki yi da cikakken ciki, kwanciya ana matse ciki bayan tuwo ba daɗi, bari awa biyu su wuce. Ni da safe na fi so kafin rana ta buɗe gidan ya kaure da hayaniya, da azumi kuma na kan mayar da shi dare bayan abin buɗa baki ya faɗa.

Tsamin jiki zai zo, yawanci washegari ko jibi, har dariya sai ki ji ta a haƙarƙari, kwana biyu uku ya wuce kuma za ki iya ci gaba da mai sauƙi a cikinsa. Wanda ba a jurewa shi ne suka mai kaifi a gaɓa ko a ƙashin baya lokacin da kike cikin motsin, ko jiri. Wannan ki tsaya nan take, ki koma mai sauƙinsa, in ya sake dawowa ki cire motsin gaba ɗaya har sai wani masani ya gan ki.