Abin da na kwaso daga teburin gwajin fitsari

Ƙarshen watan nan zan bar ɗakin gwaji, ƙannena da suka shigo bayana kuma sun matsa in bar musu wani abu a rubuce. To ga shi.

Kun san yadda oga ya rungumi gwajin NMP22, na neman alamar kansar mafitsara a fitsari, kamar shi ya ƙirƙiro shi. Ɗigon fitsari 4, a jira minti 30, layi ya fito ko ya ƙi. Marasa lafiya suna son sa, don ba mai marmarin a zura masa kyamara cikin mafitsara. Ni ma ban ƙi shi ba. Abin da na ƙi shi ne a rubuta "babu" tsurarsa a takardar sakamako. Na nemi a ƙara layi guda, cewa gwajin ba ya maye gurbin leƙa mafitsara. Ya ce ina firgita mutane, ya ja jan biro ya soke.

Ana haka sai ga wani dattijo, tsohon mashayin taba, da fitsarin jini marar zafi. Layi bai fito ba, aka sallame shi. Ko da ya dawo, kansar ta ci cikin tsokar mafitsara. A taro oga ya ce wataƙila samfurin ne ba a adana da kyau ba, idonsa a kaina. Takardar da ya soke tana aljihuna, na haɗiye na yi shiru. Tana nan wurina har yau.

Ku dai riƙe wannan: sinadarin NMP22 daga ƙwayoyin da suka mutu yake fita, shi ya sa ciwon sanyi ko tsakuwa kan sa layi ya fito alhali babu ciwon kansa, ƙaramin ƙari kuma ya wuce ba a gani ba. Duba ƙwayoyin fitsari a madubin likita ya fi gaskiya idan ya kama ƙari mai tsanani, amma marar tsanani yakan kuɓuce masa. Tsarin Paris na 2016, wato ƙa'idar rubuta sakamakon duban ƙwayoyin fitsari, shi ma kan mai tsananin ya sa ido. Gwajin UroVysion kuwa sauyin kuromosom, wato ma'ajiyar gadon halitta, yake dubawa a ƙwayoyin fitsari, shi ma taimako ne kawai.

Kada ku karɓi fitsarin farko na asuba don duban ƙwayoyi, sun kwana sun ruɓe. Ku tambayi tarihin tsargiya. Duk gyaran da babba ya yi muku da biro, ku ajiye kwafi.