Yadda na zama Mushe Ƙiyama

Shekara tara ina koyar da fizik a wani lise a nan Damagaram, ƙarshen watan nan nake ajiye alli. Abin da zan tafi da shi dai suna ne: Mushe Ƙiyama, wato Malam Ƙiyama.

Na saba duba hotunan rana na SDO, tauraron ɗan Adam da NASA ta harba a 2010. Wani dare na ga wani dogon baƙin zare da ya kwana biyu a miƙe bisa fuskar rana ya ɗaga ya tsinke. Zaren nan gas ne da maganaɗisun rana ke riƙe da shi a sama, baƙinsa kuma don ya fi abin da ke kewaye da shi sanyi ne. In riƙon ya kwance sai ya watso sararin samaniya, in mu ya nufo ya iso cikin kwana ɗaya zuwa uku. Na tuna Kebek ta Kanada, inda guguwar rana ta kashe wuta awa 9 a Maris 1989. Ban yi wata-wata ba na tura wa ɗalibaina murya: ku caja wayoyi, jibi ana iya rasa wuta da rezo.

Kafin azahar maganar ta kai Kasuwar Dole, ta zama "wani malami ya ce rana za ta faɗo". Ni kuwa abu ɗaya ban lura da shi ba: zaren can kusa da gefen rana yake, wani waje daban ya harba. Jibi ta zo, wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, shi ke nan.

Direkta bai kira ni biro ba. Wajen ɗaga tuta, gaban yara, ya ce, "Mushe, ka bar sama ga mai ita." Ya kulle madubin hangen nesan makaranta a kabad.

A Mayun 2024, da wani ƙaton tabo ya fito a fuskar rana wanda ya jawo guguwar da ba a ga irinta ba tun 2003, na aro wani madubin hangen nesa na haska hoton rana bisa farar takarda a gindin dogon yaro. Yara suka yi layi. Sai ga Direkta da baƙi, yana nuna musu "aikin makarantarmu". Na gyara masa riƙon takardar.

Wanda zai gaje ni, ka duba inda zare yake kafin ka buɗe baki. Kada ka bar yaro ya kalli rana kai tsaye, ko da hazon hunturu ya dushe ta. Makullin kabad kuwa har yau yana aljihun Direkta.