Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Daga Kartum Zuwa Ƙofar Doka A Kan Buhunan Albasa

Makon jiya na tsaya a inda wasiƙar Yaya ta iske ni a Kartum. Kafin in ɗora, wata 'yar'uwa daga ɗakin Baffa ta kira ni ranar Laraba, ta ce in bar tone-tone, wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a ake bin sa da ita. Na ji, kuma Allah ya jiƙan Baffa, ya kyauta namu zuwan. Sai dai tarihina nake bayarwa, ba yadda za a yi in ba da labarin tafiyar 1996 in tsallake mutumin da ya ɗora ni a kan hanyar.

Wasiƙar ta yi kwana 20 a jakar wani ɗalibi ɗan Funtuwa kafin ta zo hannuna. Yaran yanzu ba za su gane ba, wayar hannu ta GSM sai 2001 ta shigo Najeriya. Layi huɗu ne kacal. Inna tana kwance tun bayan Babbar Sallah, ba ta iya cin komai sai kunu, kuma duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ce a duba ko ni ne.

Washegari na tafi Sukul Arabi, inda ake biya a buga waya ƙasar waje. Na kira shagon wani mai sayar da yadi a Tudun Wada, aka aika yaro ya kira Baffa, na sake bugawa bayan la'asar. Na gaishe shi, na ce, "Baffa, a taimaka a ciro mini kuɗin jirgi daga rabon Baba na gonar rake, in zo in ga Inna." Kowa a gidanmu ya san gonar nan ta bakin Galma, ya kuma san a hannun wa take tun rasuwar Baba. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ya ce, "Karatu aka tura ka. Kuɗin gona ba na yawo ba ne."

Minti uku na biya, minti biyu suka rage, na ajiye kan waya.

Gaskiya jirgi yana da tsada a lokacin. Gwamnati ta tsayar da dalar Amurka a kan naira 22, amma wannan farashin na masu uwa a gindin murhu ne. Talaka a hannun 'yan canji yake saya, sama da naira 80. Akwai jirgin da ke zuwa Kano, ka karya kumallo a Kartum ka yi sallar magariba a Fagge. Raken shekara ɗaya ya isa ya biya har da canji, na sha yin lissafin nan.

To, ɗalibi marar gata ba ya rasa dabara. A Jami'ar Afirka, wadda shekara huɗu ke nan da ɗaga ta daga cibiya zuwa jami'a, akwai 'yan Najeriya da suka san hanyar ƙasa kamar yunwar cikinsu. Muka haɗu mu huɗu: ni, da wani Bakano da ba ya buɗe baki sai ya tsokani Zazzagawa, da ɗan Barno, da wani yaro Basakkwace mai yawan shiru. Aka naɗa ni amirin tafiya don na girme su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga yadda ake yi. Kowa ya kawo abin da yake da shi a zuba asusu ɗaya, amiri ne kaɗai ke ciniki, don in direba ya ga baki huɗu suna magana sai ya san inda zai soka. Rabin kuɗin ba a tafiya da shi a matsayin kuɗi. Mun saye turaren wuta da humra da lafaya da 'yan littattafan fiƙihu, saboda a Maiduguri suna da daraja, kuma mai shingen hanya ya fi saurin ganin takardar kuɗi a kan ƙullin tsumma. Sauran muka mayar dalar Amurka ƙanana, na naɗe su a leda na cusa cikin ƙubakar wando. Bakanon nan ya ce ai dama dukiyar Bazazzage ba ta wuce zariya. Guzuri kuwa busasshen burodi, dabino, gyaɗa, sukari, ganyen shayi, sai jarkar ruwa da muka ɗinke da buhu don ta riƙa sanyi. Katin rigakafin shawara yana tare da fasfo, in babu shi ka ba wa kowane shinge abin magana.

Jirgin ƙasa muka shiga, daraja ta uku, bencin katako. Waɗanda ba su kai mu ba suna kan rufi. Ya bi ta Wad Madani ya sauka Sinnar, kuma a nan ne na fara jin abin da har yau yake taɓa ni. Mata suna zagaya tagogi da faranti, ƙosai da gyaɗa, sai na ji wata tana ce wa 'yarta, "Ke, taho nan, ba ki gani jirgi za ya tashi?" Hausa tsantsa, irin ta tsofaffi. Mutanen Mai Wurno ne, garin yana nan kusa a bakin kogi. Jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa ya ja ragowar jama'a suka yi gabas. Wasu kuma alhazan ƙafa ne da guzuri ya ƙare musu, suka tsaya noman auduga a Jazira don su tara na gaba, har aure da haihuwa suka riƙe su. Wan Inna ma haka ya tafi tun tana budurwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ranar da zan bar Zariya ta ce mini in na ga Hausawan can in tambaya. Na tambayi mai ƙosan nan ko ta san wani mutumin Zazzau mai suna kaza. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, nan kowa ɗan wani ne da ya taho bai koma ba." Ta ƙara mini ƙosai biyu.

Inna tana da magana ɗaya da take faɗa a kan komai, ko tuwo ne ya ƙi nuna, ko aure ya ƙi zuwa: sannu ba ta hana zuwa. Ba ta taɓa ƙarasa karin maganar ba, a nan take tsayawa. Ita na riƙa maimaitawa da jirgin ya tsaya tsakiyar daji bayan Kosti, rabin yini, ba wanda ya ce mana ga dalili. Muka wuce Babanusa inda layin ya rabu, ɗaya ya yi kudu zuwa Wau, namu ya miƙe yamma. Kwana biyar muka shiga Niyala, ƙarshen dogo ke nan tun 1959.

A Niyala ba mu biya ko sisi na masauki ba. Ka nemi masallacin unguwar Hausawa, ka yi sallar isha'i a sahun gaba, ka gaida liman da ladabi ka ce ɗalibai ne masu wucewa. Daren nan asida, tuwon mutanen Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya aka kawo mana, har da shayi da madara. Otal na mai kuɗin gona ne.

Daga nan sai gingimari. Gaban mota kusa da direba kuɗinsa ninki biyu, saboda haka muka hau can ƙololuwa a kan buhunan albasa, ka ɗaure kanka da igiyar kaya kada gyangyaɗi ya jefo ka. Damina ce. Muka ratsa gindin Dutsen Marra, ƙasa kore shar, lemo da mangwaro kamar ba Sudan ba, muka wuce Zalinje. Sai muka iske wani kwari ya kawo ruwa. Wanda bai san ƙasar ba zai ce rairayi ne kawai, amma in an yi ruwa a kan dutse sai ya cika ya tumbatsa, ba gada. Motoci sun fi 30 a gaɓa, kowa ya sauke tukunya. Kwana uku muna kallon ruwa. Na zauna a kan albasar mutane ina warin albasa, ina jin maganar nan tana yi mini amsa-kuwwa: kuɗin gona ba na yawo ba ne. Wannan ne yawon, Baffa?

Bari in yi tsalle. A watan Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Kartum, na ga ɗalibanmu a talabijin an loda su a bas-bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara suna jiran a buɗe musu. Matata ta ce me ya sa na tashi na bar ɗakin. Hanyar da muka bi kuwa yanzu ko da kuɗi aka haɗa ka ba ka bin ta, tun rikicin Darfur na 2003 ta lalace, abin da ya faru a Janaina, garin da ke dab da iyakar Cadi, a yaƙin 2023 kuma sai dai innalillahi. Ina yawan tuna wani tela Bahaushe a can da ya ɗinke mini jakata da ta yage ya ƙi karɓar komai. Shi kuwa autana da ke karatu a Alƙahira, bara ya kira ni yana ƙorafi wai tikiti mai araha ya saya a waya, an ajiye shi awa 11 a filin jirgin Adis Ababa, kujera ta sa masa ciwon baya. Ni na koya masa ya saya tun saura wata biyu, ya kauce wa lokacin Umara da ƙarshen shekara, ya yarda da jirgi mai yada zango. Amma ranar da ya ce yana son zuwa ganin kakarsa ta wajen uwa, ban tambaye shi nawa ba. Na sayar da rago biyu na tura.

Daga Janaina zuwa Adare tafiya kaɗan ce, ka shiga Cadi. Nan kuɗi ya rikita mu. Dama a Sudan an saba da rikici, tun 1992 aka kawo dinari amma mutane na ciniki da fam, sai ka ƙara sifili a ka. A Cadi kuma sefa ce a hannu, riyal a baki, riyal ɗaya sefa biyar, kamar dai dalar mutanen Nijar. Mai shayi ya ce riyal 20, na miƙa masa abin da na ɗauka daidai ne, ya bi ni da kallo kamar na zage shi. Ɗan Barno ne ya cece mu da Larabcin Shuwa, namu na makaranta dariya yake ba su. Abin da ya taimake mu shi ne an karya darajar sefa da rabi a farkon 1994, 'yan dalolin ƙubaka suka yi auki. Shingaye kam ban ƙirga ba. A wani an karɓe mana kwalbar humra biyu, a wani mai bindigar ya riƙe fasfona a juye yana karantawa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba, har Yaya. Da muka isa Abeshe, akwai ƙaramar mota a-kori-kura da za ta tashi Njamena a daren, kwana biyu ta isa. Kuɗinta ya kusa cinye asusun. Basakkwacen nan, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Amir, mu shiga, kai ne mai majinyaci." Na ce a'a, a jira babbar mota mai araha, kada mu isa gida hannu rabbana. So nake in shiga Zariya da tsaraba, in nuna wa Baffa na zo ba da kuɗinsa ba har da saura. Muka kwana biyu a tasha kafin ta cika, ta kuma yi kwana huɗu a hanya. Sannu ba ta hana zuwa, haka na ce musu, har ina murmushi.

Sauran tafiyar ba abin faɗa. Gadar Ngeli zuwa Kusuri a Kamaru, aka haɗa mu ayari saboda 'yan fashi, Fotokol, Gamboru, Dikwa, Maiduguri. Muka sayar da kayanmu a Kasuwar Monday, riba ta mayar mana da fiye da rabin abin da muka kashe, muka raba a masallacin tasha, kowa ya kama gabansa. Ana wahalar mai, motar Kano ta cika kuɗi. Na ajiye kwalbar humra ɗaya da lafaya ruwan toka ban sayar ba, na Inna ne.

Ranar kwana na 24 na sauka Kwangila da hantsi, na hau bas zuwa Ƙofar Doka, na ƙarasa da ƙafa. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gida, da buta-buta, da almajirai ana raba musu gumba. Sadakar uku ake yi.

Na lissafa daga baya, ranar da ta cika ina kan babbar motar nan mai araha. Kwana uku na kwari na Allah ne. Kwana huɗun da na ɓatar tsakanin Abeshe da Njamena nawa ne, na yarda. Amma da an ciro kuɗin rake, da babu kwari babu Abeshe, da na yi mako uku ina ba ta kunu da hannuna.

Baffa yana zaune a tsakiyar dattawa da carbi. Na cire takalmi na durƙusa na yi masa gaisuwa kamar yadda aka koya mana. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ƙura ta mayar da ni ja, ya ce, "A'a, ɗan Sudan, ka iso? To ai ga shi ka zo ba jirgi." Wani daga cikin dattawan ya ce a ba yaro ruwa.

Na shiga cikin gida. Gwaggo ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Inna, an riga an naɗe katifar. Na ciro lafayar da humrar na ajiye a kan gadon ƙarfen, Gwaggo ta ɗauka ta sa a ƙasan adaka, kuma da ita aka yi wa Yaya lefe bayan shekara biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka zauna a zauren Liman kan maganar gonar, da abin da ya sa na koma Kartum ta hanyar da na ce ba zan sake bi ba.