Laraba, sati na 9 a IT (horon sanin makamar aiki na ɗalibai)

Yau sai da na ƙirga kuɗin aljihuna sau biyu kafin na fita, dubu ɗaya da ɗari takwas ne cif, kuma daga unguwarmu zuwa Sharaɗa adaidaita biyu nake hawa, zuwa da dawowa huɗu kenan. Umma ta zuba min ɗumamen tuwo a kula ta ce kar na sake na sayi abinci a waje. Na isa kamfani takwas saura, na sa hannu a geti, na zura rigar aiki da takalmin sefti.

Kamfanin robobi ne, bokitai da butoci da kujeru. Kafin na samu wajen nan wurare bakwai na kai takardar makaranta, na zaga Bompai na zaga Challawa, wani wajen ma ka tarar da ƙofa a garƙame ciyawa ta cinye harabar, wani kuma mai gadi ya karɓi takardar ya ce za a kira ka, shiru kake ji har yau. A ƙarshe wani abokin Abba ne ya yi min magana. Ina godiya ga Allah, amma abin na tsaya min a rai, don a ajinmu akwai waɗanda suka fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba kuma ba su da wanda zai ɗaga musu waya.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta, aka tada janareta, komai ya dawo banda motar lantarki ta famfon da ke tura ruwan sanyaya injina. Tana tashi ta yi ƙugi na ɗan lokaci sai ta mutu. Idan ruwan nan bai zagaya ba robar ba za ta huce a cikin mol, wato mazubin da ke ba ta siffa, ba, dole a tsayar da layi gaba ɗaya. Baba, tsohon da ke kula da harkar wuta a wajen, ya yafito ni ya ce "Injiniya zo, yau ranarka ce." Haka yake kirana tun ranar farko. Sai da ya kashe babban suwic ya rataya masa kwaɗo ya sa mukullin a aljihunsa, sannan ya gwada da mita ya tabbatar babu wuta, kafin ya bari na sa hannu a fanel ɗin.

Sta-delta ce, wato tsarin tada babbar motar lantarki a mataki biyu, sta sannan delta. Wallahi wannan abu na zana shi a jarabawa na ci maki, na san cewa mota idan aka ba ta wuta kai tsaye tana jan kusan ninki shida na abin da take ja in ta daidaita, shi ya sa ake tada ta a sta don jan ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, sannan taima ta mayar da ita delta ta sha cikakken volt 415. Duk na sani a takarda. Amma da na tsaya gaban kwantakta uku (suwic ɗin da ke haɗa wa motar wuta) da wayoyi sun kai talatin duk ƙura ta mayar da su kala ɗaya, kaina ya ɗaure. Baba ya ce "ɗana, kafin mita, fara da hancinka." Na sunkuya, kuwa sai ga ƙaurin ƙonewa daga kwantaktan delta. Muka kwance shi, bakin ɗaya ya yi baƙi ƙirin ya narke, sukurun wajen ya saki tun tuni yana ta zafi a hankali ba wanda ya lura. Shi ya ɗauko sabo a sito, ni na ɗaura, waya ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai na manna mata tef na rubuta lamba kafin na cire. Ya bi bayana ya ja kowace waya da yatsa, guda ɗaya ya ce na ƙara ɗaurewa. Da muka kunna na ji ƙarar nan "ƙwas" ta sauya zuwa delta motar ta miƙe da gudu lafiya lau, wani daɗi ya kama ni wanda ban taɓa ji a aji ba cikin shekara huɗu.

Mutumin nan bai yi jami'a ba, makarantar koyon sana'a ya yi, ya yi aiki a masaƙa a Kakuri ta Kaduna kafin masaƙun su durƙushe. Muna cin abinci yake ce min tun yana saurayi ɗalibai ke zuwa IT hannunsu. Gaskiya ne kuwa, hukumar horar da ma'aikata ta ITF ce ta kafa SIWES, wato wannan tsari na IT, tun 1973, saboda masu masana'antu na kukan cewa ana yaye ɗalibai ba su taɓa riƙe sifana ba. Manufar mai kyau ce, yau na gani da idona.

Kamfanin na ba ni dubu ashirin a wata, kuma a cikin abokaina ni ana ganin na dace, da yawa ko sisi ba a ba su. Alawus ɗin da ke cikin tsarin SIWES ɗin kansa dubu biyu da ɗari biyar ne a wata, dubu 15 na wata shida, wato bai kai kuɗin motata na kwana biyu ba tunda aka cire tallafin mai a 2023. Mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 a 2024, masu bautar ƙasa sun koma dubu 77, ɗan IT kuwa yana fita kullum kamar kowane ma'aikaci. Ban ce a biya mu kamar injiniyoyi ba, koyo muka zo, amma a ce kuɗin mota da na abincin rana sun fita mana.

Da yamma na biya gidan Kawu, na tarar da 'yarsa ta dawo ita ma. Ita harkar kuɗi take karanta, ta samu wani ofishin masu binciken asusu da kanta, dubu talatin suke ba ta. Ta buɗe min laftof tana nuna min yadda take daidaita takardar banki da littafin kuɗin wani kanti a Excel, layi bayan layi, ta ce jiya naira dubu huɗu da 'yan kai suka ƙi haɗuwa ta kwana tana tunani, ashe cajin banki ne ba a shigar ba. Ta ce "Yaya, VAT ɗin nan na kashi 7.5 da muke haddacewa, sai yanzu na san inda yake zama a rasit." Amma ta ce ƙawarta da ke wani wajen wata biyu kenan ba abin da take yi sai fotokofi da sayo wa oga abinci, ba a taɓa bari ta ga fayil ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar da abokina ya yi min bayan isha'i. Ya samu waje mai kyau a Challawa amma ba sa biya, kuma daga inda yake zaune kuɗin mota ya fi ƙarfin gidansu, babansa ya yi ritaya. Sati uku kenan bai je ba. Ya ce in turo masa hoton logbuk ɗina, littafin da muke rubuta aikin kullum, ya ɗan kwafa kafin sufabaiza ya zo daga makaranta. Na yi shiru, don yaron nan shi ke koya mana lissafin injina a aji, shi ya kamata a ce yana gaban fanel ɗin nan yau. Na ce masa ba zan turo ba, amma ya ba ni zuwa gobe. Akwai motar ma'aikata da ke ɗauko 'yan shif daga ɓangarensu zuwa kamfaninmu, zan roƙi Baba ya raka ni wajen manaja ko za su karɓe shi ko da ba biya, in makaranta ta yarda a sauya masa waje.

Yanzu na gama cika shafin yau, na zana sta-delta ɗin da kaina ba tare da na buɗe littafi ba, har da lambobin da na manna a wayoyi. Saura ɗari biyu a aljihuna, Abba ya ce zai ba ni na gobe da asuba.