Ranar Laraba: jadawali mai faɗi da layukan ciniki

Tun da safe shugaban sashenmu ya nemi in fitar masa da zanen layi a Power BI, manhajar da ke mayar da alƙaluma zuwa zane, wanda zai nuna yadda cinikin rassanmu takwas ya tafi a bara, kowane reshe da layinsa. Jadawalin da sashen kuɗi ya aiko a Excel an tsara shi ne domin idon mutum: sunan reshe a hagu, sannan ginshiƙai 12 daga Janairu zuwa Disamba, da ginshiƙin jimilla a ƙarshe. Power BI kuwa ba ta iya shimfiɗa watanni a gindin zane muddin kowane wata yana zaune a ginshiƙinsa, domin abin da take bukata ginshiƙi ɗaya ne na wata, ɗaya na reshe, ɗaya na kuɗi.

Na buɗe Power Query, ɓangaren manhajar da ake gyara jadawali a cikinsa, na zaɓi ginshiƙin reshe, na danna umarnin Unpivot Other Columns, wanda ke juya sauran ginshiƙai su koma jeri-jeri, sai jeri takwas suka koma 103. Na tsaya ina lissafi, domin takwas sau 12 ai 96 ne. Ashe jimilla ta shiga sahun watanni kamar ita ce wata na 13, shi ya sa kowane layi ya yi tsalle sama ana tsakiyar tafiya. Na koma baya na cire ta kafin juyawar.

Sai kuma jerin watannin ya fito Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, saboda manhajar ta ɗauke su a matsayin rubutu, ta jera su bisa haruffa. Na ƙara ginshiƙin lambar wata daga 1 zuwa 12, na sa a jera sunayen da shi, zanen ya daidaita kafin azahar.

Abin da ya cinye mini yamma shi ne jeri guda da ya ɓace, domin 95 suka rage maimakon 96. Juya jadawali ta wannan hanya yana zubar da duk gidan da babu komai a cikinsa, kuma ba ya sanar da kowa. Gidan Yuli na wani reshe ne aka bari fanko. Abokin aikina ya ce in cike shi da sifiri a wuce wurin, amma ban yarda ba, domin sifiri yana nufin ba a sayar da ko buhu ɗaya ba, layin kuma zai faɗi ƙasa ya jawo wa manajan reshen tambayoyin da bai cancanta ba. Na kira manajan bayan la'asar.

"Malam, wallahi mun yi ciniki a Yuli, rahoton ne bai shiga ba," in ji shi. Ya yi alkawarin turo adadin gobe da safe, don haka na bar giɓin a layin nasa, na rubuta dalili a ƙarƙashin zanen, na tura wa shugaba.