Wasiƙa daga Amurka: ga wanda zai sayi fistol ɗinsa na farko

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Muna gaishe ku daga jihar Teksas, da fatan kowa yana lafiya. Iyaye da yawa da ke da 'ya'ya a nan suna tambayar ko da gaske ne a Amurka mutum yana shiga kanti ya sayi bindiga kamar mai sayen takalmi, kuma in ɗansu ya ce zai saya don koyon harbi da kare kai, wace iri ta dace da mai ƙaramin ƙarfi. Amsar tana da tsawo, kuma sunan bindigar ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikinta.

Mu fara da abin da ya shafe ku kai tsaye. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Duk bayanin da ke ƙasa na mazaunin Amurka ne. Don Allah kada kowa ya roƙi ɗan'uwansa ya cusa masa bindiga a kwantena ko a cikin motar da za a turo gida. Laifi ne babba a ƙasashen biyu, kuma shi mai turowar ne zai fara rasa komai.

A nan ma ba kowa ke da damar saye ba. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya. Mai bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye kamar riƙe lasisin farauta, kuma ba mu ba kowa shawarar dogara da wannan ƙofa ba tare da ya ga lauya ba. Wajen dila mai lasisi sai an kai shekara 21 ake sayen fistol. Za a ba ka fom mai lamba 4473 ka cike, sannan dila ya tura sunanka ga FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, a duba ko kana da tarihin da ya hana. A fom ɗin akwai tambayar ko kai ne ainihin mai sayen. Wanda ya saya wa abokinsa da ba zai iya saye da kansa ba, saboda kara ko kunya irin tamu, dokar da aka yi a 2022 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, hukunci kan laifin bindiga yana iya sa a kore shi daga ƙasar, ko da yana da katin zama.

Ɗaukar bindiga a ɓoye a jiki kuwa kowace jiha da dokarta. Teksas ta daina wajabta lasisi tun Satumbar 2021, Jojiya a 2022, kuma fiye da rabin jihohi sun bi wannan hanya. Niyu Yok, Niyu Jasi, Merilan da Kalifoniya suna neman lasisi; Niyu Yok tana buƙatar awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi. A waɗannan jihohi huɗu ba a sayar wa farar hula magazin, wato gidan harsasai, mai cin fiye da harsashi 10. Ko a Teksas, mu shawararmu a nemi lasisin. Kuɗinsa dala 40 ne, karatun awa 4 zuwa 6, kuma a nan ne ake koyar da inda bindiga ba ta shiga da kuma lokacin da doka ta yarda a fito da ita.

Sai ita bindigar. Fistol da ake nufi a nan shi ne mai ɗana kansa: ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, ƙarfin harbin ya tura ƙarfen sama da ake kira silaid baya, ya yar da kwanso, sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗauko sabon harsashi daga magazin. Girman harsashi ba abin dogon tunani ba ne: a ɗauki 9mm. Shi ne mafi araha cikin waɗanda ake kare kai da su, akwai shi a kowane kanti, shurinsa, wato bugun da bindiga ke yi baya in an harba, ba ya wahalar da sabon hannu, kuma shi FBI da yawancin 'yan sandan ƙasar ke amfani da shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sabon shiga ya zaɓi mafi ƙanƙanta, yana ganin ƙarama ta fi sauƙi. Ba haka abin yake ba. Harsashin ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, amma ƙaramar bindiga ba ta da nauyin da zai shanye shurin, sai ya ƙare a tafin hannu. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa yana rataye a iska. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, don haka ɗan karkacewa a hannu yana zama babban kuskure a kan allon da ake harbi. Sifirinta kuma ya fi tauri, jan silaid ya fi wuya. Mutum ya harba hamsin hannunsa ya yi tsami, ya daina zuwa filin, ya ci gaba da yawo da abin da bai iya ba. SIG P365, ƙaramar fistol da ta fito a 2018, nauyinta wajen giram 500 ne da bututu inci 3.1. Glock 19, wadda matsakaiciya ce, giram 670 ce da bututu inci 4 da harsashi 15. Bambancin giram 170 kamar ba komai, amma hannu yana jin sa tun harbin farko.

Ga mai bindiga ɗaya tilo da zai yi atisaye da ita ya kuma ɗauke ta, mun fi karkata ga matsakaiciya. CZ P-10 C tana cin harsashi 15, girmanta kamar na Glock 19, ana samunta wajen dala 400, kuma kunamarta mai kyau ce. Ruger Security-9 da Smith & Wesson SD9 suna ƙasa da haka kaɗan. PSA Dagger, wadda aka ƙera a kan fasalin tsohuwar Glock 19, tana zuwa wajen dala 300 kuma tana karɓar magazin ɗin Glock. Taurus G3C, mai harsashi 12 da bututu inci 3.2, ita ce mafi araha da za mu ambata, wajen dala 250 zuwa 300. Ga siririn mutum wanda matsakaiciya ke bayyana a jikinsa, Smith & Wesson Shield Plus mai magazin na 10 da na 13 ta fi sauran ƙanana daɗin harbi. Farashi yana hawa yana sauka. Glock 19 da aka yi amfani da ita, musamman waɗanda rundunonin 'yan sanda ke sayarwa in sun sauya makamai, sau da yawa ta fi sabuwa mai araha.

Kada a saya kafin a harba. Yawancin filayen harbi suna ba da haya. A ɗauki bindigogi uku, a harba akwati ɗaya na hamsin a raba musu. A duba abu uku: gaɓar farko ta ɗan ali tana kai wa kunama ba tare da an murɗa hannu ba, ana iya jan silaid har ƙarshe a kulle shi, babban yatsa yana kai wa maɓallin sakin magazin. Sannan a tambayi kanti ko akwai kube da ƙarin magazin na wannan samfurin. Bindigar da ba a san ta ba, ko da ta yi araha da dala hamsin, za ka sha wuyar neman kayanta.

Lissafin kuɗi shi ne inda mutane ke ruɗuwa. Wanda ke da dala 800 kada ya kashe 700 a kan bindiga. Kube mai kyau dala 50 zuwa 80, bel mai tauri wajen 50, akwatin ƙarfe mai makulli daga 40 zuwa sama, abin toshe kunne da tabarau wajen 30, harsasai 500 na atisaye wajen 150, darasi na yini ɗaya a hannun malami 100 zuwa 200. Bindigar dala 350 da waɗannan kaya ta fi ta dala 700 da aka kawo gida a kwali aka ajiye a ƙarƙashin katifa.

Harsashi iri biyu ne. Na atisaye mai dunƙulallen kai ne, mai nauyin giren 115 ko 124 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), akwatin hamsin wajen dala 15. Na ɗauka a jiki mai rami ne a kai, kamar Federal HST ko Speer Gold Dot, wanda ke buɗewa ya tsaya, bai cika ratsawa ya sami wanda ke baya ba. Niyu Jasi tana da takunkumi a kan irin wannan, mazauninta ya bincika. Kafin a amince da sabuwar bindiga, a wanke man da ta zo da shi daga masana'anta, a ɗiga mai kaɗan a kan hanyoyin silaid da bayan bututu, a harba 300 zuwa 500 na atisaye, sannan aƙalla 50 na wanda za a ɗauka, ta kowane magazin. A rubuta lamba a gindin kowane magazin, domin yawancin cijewa daga can take fitowa, kuma in ta maimaitu a lamba ɗaya an gano mai laifi.

Cijewar da sababbi suka fi gani ita ce kwanso ya maƙale a tsaye a bakin silaid. Yawanci ba laifin bindiga ba ne, sakin wuyan hannu ne: in hannu ya bi shurin baya, silaid ba ya samun abin dogara da zai kai ƙarshe. A riƙe sama sosai, a matse da hannu biyu, a ƙage wuyan hannu. In an ja kunama aka ji ƙas ba harbi, a bar bakin bindiga yana kallon allo na daƙiƙa talatin, sannan a bugi gindin magazin da tafin hannu, a ja silaid a saki. In silaid ya ƙi tsayawa a baya bayan harsashin ƙarshe, duba babban yatsa, wataƙila yana danne makarinsa. Amma akwai guda ɗaya mai haɗari: a ji ƙara mara ƙarfi, fuf, shuri kaɗan. Wannan alama ce cewa albarushi bai isa ba, harsashi ya tsaya a cikin bututu. Wanda ya sake harbi a kansa bututun na iya fashewa a hannunsa. A tsaya nan take, a cire magazin, a kira mai kula da filin.

Mai harbi da hannun dama da ya ga harsasansa suna taruwa ƙasa ta hagu, saiti lafiya yake. Hannunsa ne ke dannawa ƙasa don tsoron ƙarar kafin ta zo. Maganinsa atisayen jan kunama ba harsashi, minti goma a rana, a ɗakin da babu harsashi ko ɗaya, bayan an duba gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu da ido da yatsa. A fili kuma a fara daga yadi biyar zuwa bakwai. Wannan dubawa ta zama ɗabi'a, domin Glock da ire-irenta sai an ja kunama ake kwance su don wanki, kuma cire magazin ba ya fitar da harsashin da ya riga ya hau.

Batun kube ya shafi suturarmu fiye da yadda Ba'amurke zai gane. Kube dole ya zama mai tauri, wanda aka ƙera don wannan samfurin, ya rufe kunama ruf. Wando mai zariya ba ya riƙe shi. Nauyin bindiga zai ja shi ƙasa, kuma in an zaro, kuben ya biyo. Mai kaftani sai ya ɗaura bel na gaske a ciki, ya kuma san cewa doguwar riga tana jinkirta zarowa. Haɗarin ya fi yawa wajen mayarwa: gefen riga ko igiyar zariya ta shiga kube tare da bindiga ta ja kunama. A ɗaga riga sosai, a kalli bakin kube, a mayar a hankali, ba abin gaggawa a nan. A gwada ruku'u da sujada da zaman tahiya a gida da bindiga wadda ba kome cikinta, a ga ko tana fitowa ko tana zamewa. Masallatai da yawa suna da ƙa'idarsu, kuma mai wuri yana da ikon hanawa. A tambayi kwamiti. Gidan waya, kotu da gine-ginen gwamnatin tarayya ba a shiga da ita ko da lasisi.

Gidajenmu ba sa rabuwa da yara da baƙi. Bindigar da ba ta jikinka tana cikin akwati a kulle, ba saman kabad ba, domin yaro ya san kowane lungu na gida, kuma kunamar da ke buƙatar ƙarfin kilo biyu da rabi ba ta fi ƙarfin ɗan yaro ba. Fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa a Amurka na masu kashe kansu ne. In akwai wanda ke cikin ƙuncin rai a gidan, ko rikici tsakanin miji da mata, a fitar da ita daga gidan har al'amura su daidaita. Bayan dawowa daga fili kuma a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a sa hannu a tuwo ko a ɗauki jariri, saboda ƙurar dalma.

A mafi yawan jihohi doka ba ta yarda a harba ba sai ran mutum ko na wani yana cikin haɗari a wannan lokacin. Nuna bindiga a cacar baki kan wurin ajiye mota laifi ne. In 'yan sanda suka tare ka a hanya, a matsayinka na baƙar fata, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗa da murya a kwance cewa kana da lasisi kuma akwai bindiga a wuri kaza, sannan kada ka motsa sai an ce ka motsa. A Mishigan doka ce ka faɗa nan take. Wani baƙar fata, Philando Castile, yana da lasisi, ya kuma faɗa wa ɗan sandan, amma aka harbe shi a cikin motarsa a Minesota a Yulin 2016 yayin da ya kai hannu wajen aljihu. Saboda haka a ajiye lasisin tuƙi da takardar inshora a inda za a ɗauko su ba tare da hannu ya doshi ƙugu ba.

Wassalam, daga 'yan'uwanku a Teksas.